Tsuntsaye Da Jiragen Sama: Haɗarin Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Fiye da shekaru 120 ke nan da ɗan Adam ya ƙera jirgi mai inji ya shiga sararin samaniya, amma har yau bai gama sasantawa da waɗanda ya tarar a can ba, wato tsuntsaye. Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba tare da jirage da dama sun yi karo da tsuntsaye a sassa daban-daban na duniya ba. Galibi akan wanye lafiya, fasinja ma ba ya sanin an yi. Sai dai kuma jefi-jefi akan sami karon da zai kashe injin jirgi, ko ya fasa gilashin gaban matuƙi, har ta kai ga hasarar rayuka masu ɗimbin yawa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan haɗurra da suka fi tayar da hankalin duniya shi ne na ranar 29 ga watan Disamban 2024. A safiyar wannan rana, wani jirgin kamfanin Jeju Air samfurin Boeing 737-800, wanda ya taso daga birnin Bangkok ɗauke da mutum 181, ya doshi filin jirgin saman Muan da ke kudu maso yammacin Koriya ta Kudu. Masu ba da umarni daga hasumiyar filin sun gargaɗi matuƙan cewa akwai tsuntsaye a kan hanya, kuma ba a yi minti biyu ba sai ga saƙon neman agaji daga jirgin, cewa lalle an yi karo da tsuntsayen. Jirgin ya fasa sauka, ya kewayo, sa'annan ya sauka ba tare da tayoyinsa sun fito ba. Haka ya yi ta jan ciki har ya wuce ƙarshen titin, ya daki wani tudun kankare da aka kafa na'urorin nuna wa jirage hanya a kansa, ya kama da wuta. Mutum 179 suka rasa rayukansu. Ma'aikatan jirgin biyu ne kaɗai, waɗanda ke zaune can wajen wutsiya, aka fitar da rai.

Rahoton farko da masu bincike suka fitar a watan Janairun 2025 ya ce an sami gashi da jinin tsuntsaye a cikin injunan jirgin duka biyu, kuma na wata ƙaramar agwagwar daji ce wadda kan yi ƙaura daga Siberiya zuwa Koriya a lokacin hunturu. Ko da yake masana da dama sun ɗora alhakin yawan mace-macen a kan tudun kankaren, ba a musun cewa daga karo da tsuntsayen ne al'amarin ya soma dagulewa.

Girman matsalar

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka na daga cikin hukumomin da suka fi adana bayanai kan wannan matsala. Alkalumanta sun nuna cewa a shekarar 1990 rahotannin karo da tsuntsaye da sauran dabbobi da aka kai mata kusan 2,000 ne, amma a shekarar 2023 sun haura 19,000. Wani ɓangare na wannan ƙari ya samo asali ne daga yadda matuƙa da ma'aikatan filaye suka ƙara himma wajen kai rahoto, wani ɓangaren kuwa ƙaruwar karon ce da gaske. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa tsakanin 1988 da 2023, irin wannan karo ya hallaka mutum fiye da 450 a duniya baki ɗaya, ya kuma lalata jirage sama da 300, na soja da na farar hula.

Ta fuskar dukiya kuwa, wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Allan ya yi ƙiyasi a shekarar 2000 cewa kamfanonin jiragen sama na duniya na hasarar kimanin dala biliyan 1.2 kowace shekara saboda tsuntsaye. Mafi yawan wannan kuɗi ba a gyaran ƙarfe yake tafiya ba. Jinkirin tashi, da soke tafiye-tafiye, da ɗawainiyar fasinjojin da suka maƙale, da zaman da jirgi kan yi a ƙasa yana jiran kayan gyara, su ne suka fi cin aljihu.

Alkaluman sun kuma nuna inda haɗarin yake. Kimanin kashi 70 cikin 100 na karon da jiragen fasinja kan yi da tsuntsaye yana aukuwa ne a ƙasa da mita 150 daga doron ƙasa, wato lokacin tashi ko sauka. Wannan kuwa shi ne lokacin da jirgi ya fi rauni, domin ba shi da nisa daga ƙasa, kuma matuƙi ba shi da isasshen lokacin yin tunani.

Tsohuwar gaba

Karo na farko da tarihi ya adana ya faru ne a ranar 7 ga watan Satumban 1905, ƙasa da shekara biyu da fara tashin jirgi mai inji. Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka ƙera jirgin farko, yana shawagi a kan gonaki kusa da garin Dayton na jihar Ohio, sai ya bi wani garken tsuntsaye har ya buge ɗaya. A wancan lokaci abin dariya ne, domin gudun jirgin bai fi na tsuntsun da komai ba.

Shekara bakwai bayan haka dariya ta ƙare. A ranar 3 ga watan Afrilun 1912, Calbraith Rodgers, mutumin da ya fara ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma a cikin jirgin sama, ya yi karo da wani tsuntsun bakin teku a Long Beach ta jihar California. Tsuntsun ya maƙale a wayoyin da ake sarrafa jirgin da su, jirgin ya faɗa ruwa, Rodgers ya mutu. Shi ne mutum na farko da aka san tsuntsu ya yi sanadin mutuwarsa a jirgin sama.

Haɗarin da ya farkar da hukumomi daga barci shi ne na birnin Boston, ranar 4 ga watan Oktoban 1960. Wani jirgin kamfanin Eastern Air Lines mai injuna huɗu ya tashi ke nan, sai ya kutsa cikin garken wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye masu tafiya dubbai a haɗe, kamar yadda jan-baki kan yi wa gonar gero dirar mikiya. Nauyin kowane ɗaya bai kai gram 100 ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Injuna uku suka sami matsala kusan lokaci guda, jirgin ya karkace ya faɗa cikin ruwan gaɓar teku, mutum 62 daga cikin 72 suka hallaka. Abin mamaki, asalin waɗannan tsuntsaye ba na Amurka ba ne. Daga Turai aka kawo su aka sake a birnin New York a shekarar 1890, suka hayayyafa suka cika ƙasar.

Shekara biyu bayan nan, a watan Nuwamban 1962, wani jirgin kamfanin United Airlines ya yi karo da wasu manyan tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, a sararin jihar Maryland. Ɗaya daga cikinsu ya karya fiffiken wutsiyar jirgin, mutum 17 da ke ciki duka suka mutu. Waɗannan haɗurra biyu su ne tushen yawancin ƙa'idojin da ake bi a yau wajen gwada ƙarfin jirgi kafin a ba shi izinin ɗaukar fasinja.

Yadda tsuntsu ke kayar da jirgi

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya halittar da yaro kan kora da dutse za ta kayar da jirgi mai nauyin tan 70? Amsar tana cikin gudu. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne da nauyin abin da aka buga, amma ya fi ƙaruwa da saurin tafiya. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun kan ninka sau huɗu. Tsuntsu mai nauyin kilo 5 da ya haɗu da jirgin da ke gudun kilomita 275 a cikin awa guda, wanda shi ne kwatankwacin gudun jirgi lokacin tashi, bugunsa daidai yake da a sako buhun masara mai kilo 100 daga kan bene mai tsawon mita 15.

Inda aka fi jin tsoro shi ne inji. Injin jirgin zamani yana aiki ne da zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya ƙona ta da mai, ya tunkuɗa ta ta baya. Manyan injuna kan zuƙi iskar da nauyinta ya haura tan guda a cikin daƙiƙa ɗaya lokacin tashi, don haka duk tsuntsun da ya gifta ta bakinsu ya shiga ke nan. A bakin injin akwai wata babbar fanka mai juyawa sau dubbai a minti guda. Idan tsuntsu ya lanƙwasa ko ya karya ruwan fankar guda ɗaya, gutsuren ƙarfen kan bi ta cikin injin yana karya na bayansa. Daga nan sai injin ya soma kakkarwa, ya riƙa aman wuta, ƙarfinsa ya ragu ko ya mutu ɗungurungum.

Sau da yawa akan tambayi injiniyoyi dalilin da ya sa ba za a sa wa bakin inji raga ba. Sukan ce ragar da za ta iya tare tsuntsu mai kilo huɗu a irin wannan gudu, kaurinta da nauyinta za su toshe iskar da injin ke bukata. Ban da haka ƙanƙara za ta riƙa taruwa a kanta a can sama, kuma idan ta karye, gutsattsarinta sun fi tsuntsun haɗari.

Minti uku da rabi a kan New York

A ranar 15 ga watan Janairun 2009, da misalin ƙarfe uku da minti 25 na yamma, wani jirgin kamfanin US Airways samfurin Airbus A320 ya tashi daga filin LaGuardia na birnin New York zuwa Charlotte, ɗauke da fasinjoji 150 da ma'aikata 5. Minti biyu da tashinsa, yana kimanin mita 850 a sama, sai ya faɗa cikin garken dinyar Kanada. Injunan duka biyu suka haɗiyi tsuntsayen, kuma nan take kusan dukkan ƙarfinsu ya tafi.

Matuƙin jirgin, Kyaftin Chesley Sullenberger, mai shekaru 57, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya karɓi ragamar jirgin daga mataimakinsa Jeffrey Skiles, wanda ya shiga ƙoƙarin sake tayar da injunan. Hasumiya ta ba su zaɓin komawa LaGuardia ko sauka a ƙaramin filin Teterboro da ke tsallaken kogi a jihar New Jersey. Sullenberger ya auna nisan da tazarar da ta rage masa daga ƙasa, ya ga cewa idan ya kuskure, a tsakiyar gidajen jama'a jirgin zai faɗi. Sai ya zaɓi kogin Hudson. Kimanin minti uku da rabi bayan karon, ya kwantar da jirgin a kan ruwa, ana tsakiyar hunturu. Jiragen fito da ke kusa suka garzayo, aka kwashe mutum 155 duka da ransu.

Binciken da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta kammala a 2010 ya bayyana abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, nauyin kowace dinya ya kai kusan kilo 3.6, wato ya ninka nauyin tsuntsu mafi girma da aka gwada irin wannan inji da shi. Na biyu, takardar umarnin da aka tanadar wa matuƙa don ranar da injuna biyu suka mutu, an rubuta ta ne da tunanin cewa jirgin yana can ƙololuwar sama, inda akwai lokaci. Skiles bai ci ko rabinta ba jirgin ya taɓa ruwa.

Shekara goma bayan haka an ga makamancin wannan a Rasha. Ranar 15 ga watan Agustan 2019, wani jirgin Ural Airlines ya yi karo da tsuntsayen bakin ruwa jim kaɗan da tashinsa daga filin Zhukovsky kusa da Mosko, matuƙan suka kwantar da shi a cikin gonar masara, mutum 233 da ke ciki duka suka tsira.

Matuƙan soja da masu saukar ungulu

Matuƙan jiragen yaƙi sun fi kowa shiga wannan haɗari, saboda aikinsu kan tilasta musu tafiya ƙasa-ƙasa da matsanancin gudu, daidai inda tsuntsaye suka fi yawa, kuma da yawa daga cikin jiragensu inji ɗaya gare su. A watan Satumban 1987 wani babban tsuntsun ruwa guda ɗaya ya kayar da jirgin yaƙin Amurka samfurin B-1B a jihar Colorado, uku daga cikin mutum shida da ke ciki suka mutu. A ranar 22 ga watan Satumban 1995, wani jirgin leƙen sararin samaniya na sojan Amurka ya yi karo da dinyar Kanada yana tashi daga sansanin Elmendorf a Alaska, sojoji 24, Amurkawa da 'yan Kanada, suka hallaka. A watan Yulin 1996 kuma jirgin dakon kaya na sojan Beljiyam ya faɗi a Eindhoven ta ƙasar Holan bayan ya shiga garken tsuntsaye yana sauka, mutum 34 suka rasu.

Ƙananan jirage da jirage masu saukar ungulu kuwa, ta gilashin gaba haɗarin ya fi zuwa musu. Tsuntsu kan fasa gilashin ya faɗo kan matuƙi, ya ji masa rauni a fuska ko ya sumar da shi, ga iska mai ƙarfi tana kwararowa ciki. A ranar 4 ga watan Janairun 2009, wani shaho ya daki gilashin jirgi mai saukar ungulu da ke kai ma'aikatan haƙar mai aiki a jihar Louisiana, jirgin ya faɗa cikin fadama, takwas daga cikin mutum tara suka mutu.

Rundunar sojan saman Isra'ila ta daɗe tana fama da wannan matsala, kasancewar ƙasar tana kan mashigar da tsuntsaye kimanin miliyan 500 kan bi sau biyu a shekara, tsakanin Turai da Asiya da Afirka. Tun daga shekarun 1980 wani masanin tsuntsaye mai suna Yossi Leshem ya riƙa bin garkunan tsuntsayen a cikin ƙaramin jirgi, yana rubuta hanyoyinsu da ranakunsu da tsawon tashinsu. Da wannan taswira aka hana jiragen yaƙi bin wasu hanyoyi a wasu lokuta na shekara, kuma karon ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu.

Nahiyar Afirka

Afirka ma ta ɗanɗana. A ranar 15 ga watan Satumban 1988, wani jirgin kamfanin jiragen saman Habasha samfurin Boeing 737 yana tashi daga Bahir Dar, garin da ke bakin tafkin Tana, sai ya shiga garken hasbiya. Injunan biyu suka haɗiyi tsuntsayen, suka mutu kafin jirgin ya iya komowa kan titi. Matuƙan suka kwantar da shi a wani fili, ya kama da wuta, mutum 35 daga cikin 104 suka rasa rayukansu. Hasbiyar nan ita ce dai wadda aka sani tana sheƙa a kan giginya da rufin gidaje a ƙasar Hausa. Ɗan hakin da aka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone ido.

A Afirka ta Yamma ne kuma aka yi karo mafi nisa daga ƙasa da tarihi ya adana. Ranar 29 ga watan Nuwamban 1973, wani jirgin fasinja ya haɗu da wata babbar ungulu a sararin birnin Abidjan, a tsawon mita 11,300, inda iska ta yi ƙarancin da ɗan Adam ba zai iya numfashi ba sai da taimakon na'ura. Inji ɗaya ya lalace, amma jirgin ya sauka lafiya.

A Nijeriya ma kamfanonin jiragen sama sun sha kokawa kan yawan karo da tsuntsaye. A watan Mayun 2021, alal misali, wani jirgin Max Air da ya tashi daga Kano zuwa Abuja ya komo ya sauka bayan 'yan mintoci saboda tsuntsu ya shiga injinsa. Ga kamfanin da ke sayen kayan gyara da kuɗin waje, lalacewar inji guda na iya ajiye jirgi na makonni.

Abin da ke jawo tsuntsaye filayen jiragen sama a ƙasashe masu zafi ba ɓoyayye ba ne, domin ungulu ba ta jewar banza. Birane sun bunƙasa sun kewaye filayen da a da suke bayan gari, juji da kwata da kasuwanni sun matso har bakin shinge. Shirwa da hankaka da ungulu kan bi shara da ragowar nama. Balbela kan bi motar yankan ciyawa tana tsintar fara, kamar yadda take bin shanu. Ƙona daji kan tara shirwa, haka ma fitowar shinge a farkon damina. Kududdufin da ruwan sama ya bari a gefen titin jirgi kuwa, gayyata ce ga tsuntsayen ruwa.

Dalilan ƙaruwar haɗarin

Masana na kawo dalilai uku. Na farko, jirage sun ƙaru ainun, har ta kai a shekarar 2019 fasinjojin da suka hau jirgin sama a duniya sun haura biliyan 4. Na biyu, dokokin kare namun daji da hana amfani da wasu magungunan ƙwari sun sa manyan tsuntsaye sun farfaɗo a Turai da Amurka. Dinyar Kanada mai zama wuri ɗaya, wadda ba ta ƙaura, ta ƙaru daga kimanin miliyan 1 a 1990 zuwa fiye da miliyan 3 a Amurka ta Arewa. Na uku, injunan zamani ba su da ƙara kamar na da, don haka tsuntsu ba ya jin tahowar jirgi da wuri. Har ila yau yawancin jiragen fasinja na yanzu injuna biyu gare su, maimakon uku ko huɗu, saboda haka garke guda na iya cika su duka a lokaci ɗaya.

Gwajin kaji

Kafin a amince da sabon samfurin jirgi, sai an gwada shi da tsuntsu. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu injiniyoyi suka ƙirƙiro wata bindiga mai aiki da matsattsiyar iska, wadda ake ɗura wa mushen kaza a harba wa gilashi ko fiffike ko inji da irin gudun da jirgi ke yi. A ƙa'idar Amurka, dole gilashin gaba da jikin jirgin fasinja su jure bugun tsuntsu mai kilo 1.8, wutsiya kuwa mai kilo 3.6. Inji kuma akan harba masa ƙanana da matsakaitan tsuntsaye da yawa, a ga ko zai ci gaba da aiki. Amma game da babban tsuntsu guda, abin da doka ta nema shi ne kada injin ya kama da wuta ko ya tarwatse ya huda jikin jirgi, kuma a iya kashe shi lafiya. Ba a bukaci ya ci gaba da tura jirgin ba. An gina wannan ƙa'ida ne bisa zaton cewa ɗaya injin zai kai jirgin ƙasa, kuma kowane matuƙi ana horar da shi kan tashi da sauka da inji ɗaya. Babbar matsalar ita ce ranar da injunan biyu suka mutu tare.

Dabarun kora

Tun da ba za a iya ƙera jirgin da ya fi ƙarfin kowane tsuntsu ba, sai aka mai da hankali ga raba su. Matakin farko shi ne a mai da filin jirgi wurin da tsuntsu ba zai so zama ba: a cike kududdufai, a rufe magudanan ruwa da raga, a sare itatuwa masu 'ya'ya, a kwashe shara. A Birtaniya akan bar ciyawar gefen titi ta kai tsawon santimita 15 zuwa 20, domin tsuntsayen da ke son fili fetal ba sa sakewa a inda ba za su hango abokin gaba ba.

Bayan wannan sai kora. Akwai na'urori masu ƙara kamar igwa, da harsasai masu tartsatsi, da motocin sintiri masu lasifika da ke sakin kukan tsuntsun da ke cikin wahala. Sai dai tsuntsu yana da wayo, idan ya ga ƙarar ba ta kisa, nan da 'yan kwanaki zai saba. Don haka wasu filaye suka koma ga abokan gabarsa na asali. A ƙasar Sifen an soma amfani da horarrun shahuna tun 1968. Filin jirgin Fort Myers na jihar Florida ya ɗauki karen kiwo aikin korar tsuntsaye a 1999, wasu filayen Afirka ta Kudu ma suka bi wannan hanya. A birnin Edmonton na Kanada an gwada wani shahon roba mai kaɗa fiffike da ake sarrafawa daga ƙasa a 2017. A filin Schiphol na Amsterdam kuwa, a 2021 an gwada sakin aladu a wata gona da ke tsakanin titunan jirgi, don su cinye ragowar amfanin gonar da ke jawo dinya.

Akwai kuma na'urar hangen nesa mai gano motsin tsuntsaye. Filin jirgin Sarki Shaka da aka buɗe a Durban a 2010 yana kusa da wata fadama da miliyoyin tsattsewa kan kwana a cikinta idan sun zo daga Turai. Maimakon a lalata fadamar, sai aka kafa na'urar da ke sanar da hasumiya idan garken ya tashi ya doshi hanyar jirage. Bayan haɗarin Muan, gwamnatin Koriya ta Kudu ta ba da sanarwa a 2025 cewa za ta sa irin waɗannan na'urori da kyamarori a dukkan filayenta, ta kuma sauya tudun kankaren da ke ƙarshen titunan wasu filayen.

Mataki na ƙarshe, wanda ya fi jawo gardama, shi ne kisa. Wani bincike da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi a 2017 ya nuna cewa an kashe tsuntsaye kusan 70,000 a kewayen filayen New York tun bayan haɗarin kogin Hudson. Masu kare dabbobi sun ce wannan bai magance komai ba, suna masu nuni da cewa dinyar da ta kayar da jirgin Sullenberger baƙuwa ce daga arewacin Kanada, kuma an yi karon ne kilomita 7 daga filin jirgin. Jami'an filayen kuwa sun ce rage yawan manyan tsuntsaye mazauna kusa da titi wajibi ne, ko da ba zai hana baƙi giftawa ba.

Shaidar gashi

Yadda aka gane cewa dinyar baƙuwa ce ya samo asali ne daga wani ɗakin bincike da ke cibiyar Smithsonian a birnin Washington. Bayan haɗarin Boston na 1960, wata masaniya mai suna Roxie Laybourne aka kai wa guntayen gashin da aka ciro daga injunan, ta duba su da madubin ƙara girma har ta gano irin tsuntsun. Daga nan ta kafa wannan fanni, ta yi ta aiki a kansa har kusan rasuwarta a 2003. Ɗalibarta Carla Dove, wadda sunan gidansu ke nufin kurciya da Turanci, ita ta gaje ta. Kowace shekara akan aika wa ɗakin dubban ambulan ɗauke da gashi ko jinin da aka goge daga jikin jirgi, a tantance su ta hanyar kwatanta gashi ko gwajin ƙwayoyin halitta. Amfanin wannan aiki a fili yake, domin maganin da zai kori hasbiya ba shi zai kori agwagwa ba, kuma injiniya na bukatar sanin nauyin tsuntsun da ya karya masa ƙarfe.

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedkwata a Montreal, tana tattara irin waɗannan rahotanni daga ƙasashe tun 1980. Ta kuma shawarci ƙasashe da su sa ido kan duk abin da zai jawo tsuntsaye a cikin kilomita 13 daga filin jirgi, musamman juji. To amma mafi yawan wannan yanki ba ya ƙarƙashin ikon hukumar filin jirgi. Yana hannun hukumomin birni ne, da masu raba filaye, da masu kwashe shara, da masu kula da mayanka.

Alkaluman Amurka na 'yan shekarun nan sun nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na karon da aka kai rahoto ne ke yi wa jirgi wata ɓarna, kuma jirgin sama na nan a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin tafiya mafi aminci. Sai dai ƙwararru na jaddada cewa wannan aminci bai samu ba sai da aikin yau da gobe: ma'aikacin da zai zagaya titi tun da asuba, da matuƙin da zai cike takardar rahoto ko da tsuntsun bai yi ɓarna ba, da kuma hukumar birnin da za ta ƙi amincewa a buɗe juji a ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi.